Kwalbar Da Ta Kusa Shiga Bikinmu

Na san daga jin maganar giya wasu za su ce yaron nan zaman Ikko ya fara taɓa shi. To ku yi haƙuri ku karanta zuwa ƙarshe. Ni ba na sha, a gidanmu ba a sayarwa, kuma hukuncinta a addini ba ya buƙatar bayanina. Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne, a bikin wata 'yar uwarmu an aiki wani yaro kasuwa ya sayo katan biyu na ruwan inabin kwalba irin wanda aka saba ajiyewa a teburin amarya da ango. Mai shago ya ce masa ga wani mai kyau, tsohuwar ajiya ce daga Sifaniya. Yaro ya biya ya ɗauko. Allah ne ya sa na duba kafin a kai wurin mata, sai na ga an rubuta Rioja, a ƙasa Reserva, a gefe kuma 14%. Jar giya ce sak. Yaron ba shi da laifi, domin babu wanda ya taɓa koya masa.

Ra'ayina shi ne, mu da muke zaune a Kudu dole mu san kayan da ke kewaye da mu, har wanda ba ma amfani da shi. Kalmar da aka yaudari yaron nan da ita, wato tsufa, ita ce ma babbar alama. Ruwan inabi marar barasa ba ya gyaruwa da daɗewa, ranar lalacewa ake buga masa kamar kowane lemo. Abin da ake yabo da shekaru a kwalba, to giya ce.

Ga yadda abin yake a can. Rioja, da ake karantawa Riyoha, yanki ne a arewacin Sifaniya a bakin kogin Ebro, kuma inabin da suka fi nomawa shi ne Tempranillo. Ana matse shi a bar ruwan tare da ɓawo da 'ya'yansa har yis ya mayar da sukarin barasa. Daga ɓawon ne launi ke fitowa, da wani sinadari mai suna tanin. Ɗan mai goro ba sai an yi masa dogon bayani ba, domin irin baurin nan ne da ke kama harshe ya busar da baki in ka tauna ɗanyen goro. Giya mai kauri tana da tanin da yawa, shi ya sa sabuwarta ke da kaifi, kuma shi ne ke ba ta ƙarfin jure shekaru.

Da farko ana zuba ta a gangar katakon oak mai cin lita 225. Sun ɗauko wannan ne daga mutanen Bodo na Faransa, waɗanda suka kwararo yankin a ƙarni na 19 lokacin da wani ƙwaro mai cin saiwa ya cinye gonakin inabinsu. Bayan ganga sai kwalba, kuma a nan ne aikin ke tafiya a hankali cikin duhu. Ƙwayoyin tanin suna haɗuwa da na launi su canja kama, wasu su yi nauyi su kwanta a gindin kwalba kamar tsaki. Baurin sai ya yi laushi. Launin da ya fara da ja mai duhu kamar zoɓo sai ya riƙa komawa kalar jan bulo, musamman ta gefe. Ƙamshin 'ya'yan itace ya ja baya, masana harkar su ce yanzu suna jin na fata, da ganyen taba, da busassun 'ya'yan itace. In aka wuce lokaci kuma sai ta mutu, ta zama ruwa mai tsami marar armashi. Mafi yawan giyar duniya ma ba don ajiya aka yi ta ba.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne kalmomin kan takardar doka ce, ba kirari ba ne. Rioja ta samu rajistar sunanta tun 1925, a 1991 kuma ta zama ta farko da ta samu matsayi mafi girma a ƙasar, kuma akwai hukumar da ke sa ido. Kafin a rubuta Crianza a kan ja sai ta kai shekara 2, aƙalla 1 a ganga. Reserva shekara 3, ita ma aƙalla 1 a ganga. Gran Reserva shekara 5, aƙalla 2 a ganga, 2 a kwalba. Akwai gidaje kamar López de Heredia na garin Haro, wanda aka kafa a 1877, da ke riƙe kayansu fiye da haka nesa ba kusa ba. A yankin Ribera del Duero kuma, Vega Sicilia kan riƙe nata mai suna Único kusan shekara 10 kafin ta fitar. Ɗan kasuwa ya san ma'anar wannan: jari ne aka kwantar shekara da shekaru babu ko sisi da ya dawo, ga kuɗin rumbu, ga ma'aikata. Daga nan tsadar take.

Amma duk wannan yana da sharaɗi. Ana son sanyi wajen digiri 12 zuwa 14 wanda ba ya hawa ba ya sauka, ana son duhu, kuma a kwantar da kwalbar don toshinta na ɓawon itace ya zauna a jiƙe, in ba haka ba ya bushe iska ta shiga. Yanzu ku tuna yadda muke ganin kayan nan a kasuwanninmu: a tsaye, ƙarƙashin rufin kwano, wani lokaci a bakin titi rana na duka, bayan sun sha zafin kwantena a tashar jiragen ruwa. Zafi dafa ta yake yi. Baba ba ya barin huhun goro ya yini a rana, kuma in wani ya bari nasa ya ƙone ba zai zo ya ce mana tsohon goro ne mai daraja ba. Don haka mai shagon nan ko ɗan uwansa mashayi ya sayar wa da wannan yabo, ya cuce shi.

Wani abokina ya ce mini koyon waɗannan sunaye kamar talla ne, zai iya jan yara su so ɗanɗanawa. Na fahimci tsoronsa, amma ban yarda ba. Kwalaben nan suna gabansu kullum a manyan kantuna da wuraren bikin maƙwabta, ko mun yi shiru ko ba mu yi ba. Shirun ne ya kusa kai katan biyu gaban iyayenmu mata.

Saboda haka duk wanda aka aika sayen abin sha na kwalba, ya nemi lambar da ke da alamar kashi cikin ɗari. In ya ga 13 ko 14 ko 15, ya ajiye. In ya ga Crianza, Reserva, Gran Reserva, ko vino tinto, ya ajiye. Na halal zai ce ruwan inabi ne ko marar barasa, kuma za a ga ranar lalacewa a jiki.

Katan ɗin dai mun mayar washegari. Sai da aka kai ruwa rana kafin mai shagon ya dawo da kuɗin, shi ma bayan ya cire na kwalba ɗaya da ya ce takardarta ta yage a hannunmu.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba. Wassalam.