An biya kaba, an biya mota: wa ya biya mai saƙa?

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Madawa ko ta Mayahi ya san wasan. Mace ta sauke ƙunshin tabarmi daga kanta, mai saye ya yi mata tayin wulaƙanci, ta ce albarka, ya juya kamar zai wuce. La'asar ta yi, ga hatsin da za ta auna, ga nisan ƙauye, sai ta kira shi ta sallama. Wai wannan shi ne ciniki. Sunansa na gaskiya ƙwace da rana tsaka.

A bi tabarmar tun daga tushenta. A kwarin Gulbin Kaba, inda goriba ta yi sansani, sai an yanko kaba, an shanya, an tsaga, an rina wadda za a yi ado da ita, sannan a zauna saƙa, a ɗinke. Mai yankan kaba ya karɓi kuɗinsa. Mai galura ya karɓi nasa. Mai amalanke ba ya ɗauka kyauta, mai tikitin kasuwa kuwa ba ya jin "sai na sayar". Mutum ɗaya ne kawai ba a sa wa aikinsa kuɗi ba: wadda yatsunta suka yi kanta, bayanta ya ƙage.

Lissafin ba shi da wuya. A shekarar 2012 gwamnati ta yanke mafi ƙarancin albashi a kan sefa 30.047 a wata, wato kusan jika guda a yini, kuɗin da kowa ya san ba su riƙe gida. A ɗauka tabarma ta ci yini biyar na aiki: ladan hannu kaɗai jika biyar ne, kafin a ƙara kaba da rini da sufuri. Mai saye ya tambayi kansa yini nawa ya biya a tayinsa na ƙarshe.

Ma'aikacin gwamnati ne ya fi cancanta da wannan tambaya. A shekarun 1990, da albashi ya riƙa maƙalewa wata da watanni, shi ne ya cika titunan Yamai ƙarƙashin tutar USTN yana kukan cewa gumi ba ya tafiya a banza. Ya yi gaskiya. To, ina gaskiyar take shiga ranar da ya tsaya gaban tsohuwa yana ja da ita a kan dala ashirin? A kanti kuma, in an ce masa kaza ne, ko tari ba ya yi.

Ɗan kasuwa zai ce kasuwa ce ke yanke kuɗi, ga tabarmar roba ta cika ko'ina da araha. Roba ta cika kasuwa, babu musu. Amma tabarmar da aka raina a ƙauye, ita ce ake baje wa baƙi a cibiyar masu sana'ar hannu ta Wadata, a Yamai, ana yabon ƙirarta, ana tsuga kuɗi. Ashe ba daraja ta rasa ba; a hanya ake tsare kuɗin. Wanda ya ba mace bashin hatsi da damina, rumbu ya ƙare, ya dawo ya kwashe saƙarta a kan kuɗin da shi ya yanka, ba ciniki ya yi ba, ya ci da yunwarta ne. Riba halal ce, dillali ma yana da la'adarsa. A dai ɗora su bisa kuɗin aiki, kada a yanko su daga cikinsa.

Hukumomi kuwa sun iya buki. A bajekolin SAFEM ana yanke ƙyalle, ana jawabi, ana ɗaukar hoto da faifai da malafa, kowa ya watse. Abin da masu saƙa ke bukata bai kai tsadar buki ɗaya ba: ƙungiyoyin da za su tara kaya su sayar da baki ɗaya, su rarrabe tabarma daraja-daraja, su tsaida kuɗin da ba a sauka ƙasa da shi, da asusun rance da zai raba mace da bashin damina. Kowace ma'aikata da ke sayen shimfiɗa ko kyautar baƙi ta saya hannun waɗannan ƙungiyoyi kai tsaye, a kuma rubuta a takardar biya nawa ne ya shiga hannun mai saƙa.