A Toshe Wa Ƙwaro Numfashi, A Bar Zuba Wa Wake Guba

'Yan'uwa manoma, ga kaka ta yi, an yanke gero, dawa ta nuna, mata da yara sun duƙufa roron wake. A irin wannan lokaci kowane gida aiki ya yi masa yawa. Maigida yana gona tun asuba, uwargida tana tsakanin murhu da masussuka, malamin ofis da ɗan kasuwa kuwa suna ta lissafin buhu nawa za su saya su ajiye tun da sauran araha. To, a cikin wannan hidima ne a kan yi wani ganganci wanda na ke so mu duba makon nan, watau zuba wa wake maganin ƙwari don kada ya huje. Ra'ayina a kan wannan gajere ne. Waken da za a ci a gida, ko a kai kasuwa a sayar wa mai ci, bai kamata a sa masa guba ko ɗigo ɗaya ba, domin akwai hanyar kashe ƙwaron wadda ba ta taɓa lafiyar kowa, aikinta kuma bai fi na yini guda ba.

Bari mu fara da sanin abokin gaba. Mutane da yawa suna zaton a rumbu ƙwaro ya ke samun wake, alhali tun daga gona a ke zuwa da shi gida. Uwar tana yin ƙwai a jikin kwanso sa'ad da wake ya fara bushewa, in an buge kuwa sai ta koma yi a jikin ƙwayar. Waɗannan 'yan ɗige-ɗigen farare da ka ke gani manne da wake, su ne ƙwan. In ya ƙyanƙyashe sai tsutsa ta huda ta shige ciki, ta yi ta ci, ba ta fitowa sai ta zama ƙwaro, ramin nan da ka ke gani kuwa ƙofar fitarsa ce. Daga ƙwai zuwa ƙwaro mako 3 ko 4 ne in ana zafi, uwa ɗaya kuma ta kan zuba ƙwai da dama, har ya kan kusa 100. Shi ya sa buhun da aka ɗaure a Nuwamba yana sheƙi, kafin bazara ta yi nisa sai a tarar ya koma gari da wari.

Ba na ganin laifin mutum don ya ji tsoron wannan hasara. Wake dukiya ce, Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen nomansa, Nijar na bi mata, kuma kowa ya san kuɗinsa da kaka daban, da bazara daban. Abin da na ke ƙi shi ne maganin da a ke nema.

Fiya-fiya da Sniper, galibi abu ɗaya ne a cikinsu, wani sinadari da a ke rubutawa DDVP a jikin kwalba. Ba don a cuɗa da abincin mutane aka yi shi ba. Kafin su kuma an yi yayin Gammalin 20, wanda ƙasashen duniya suka amince a daina noma da sinadarinsa a 2009. A 2008, a Jihar Gombe, 'yan makaranta mata fiye da 100 aka kwasa zuwa asibiti bayan sun ci wake, da aka gwada abincin kuwa sai aka sami irin wannan guba ta Gammalin a ciki. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan DDVP da ta yi ta samu a cikinsa, a 2016 kuma ta ƙara wa hanin shekara 3. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper a kantuna da kasuwanni barkatai. To, jama'a, waken da baƙo ya auna ya ce ba ya ci, shi za mu dafa wa 'ya'yanmu? Masu cewa wanki da dahuwa suna fitar da maganin, su sani suna rage wani abu ne kawai, ba kuwa wanda ya san nawa aka zuba, balle ya san nawa ya saura.

Akwai kuma ƙwayar nan ta Phostoxin da ire-irenta, wadda a ke jefawa cikin buhu. Ita da ta ji danshin iska sai ta fara fitar da wani tururi mai kisa, wanda ba ya bambanta ƙwaro da ɗan Adam. Aikinta na manyan sito ne da ke nesa da gidaje, a hannun wanda aka koya wa, a rufe ruf kwana da kwanaki, sa'an nan a buɗe iska ta ratsa kafin kowa ya shiga. Amma mu sai a sa ta a buhun da iska ke shiga tana fita, a jingine shi a ɗakin da yara ke kwana, ga hunturu an rufe ƙofa da taga. Tururin da ya kamata ya tsaya ya kashe tsutsa sai ya fice ya cika ɗaki. Hasara biyu ke nan, ƙwaro bai mutu duka ba, iyali kuma suna shaƙa har gari ya waye.

To, mece ce mafita? Ƙwaro da tsutsarsa numfashi su ke yi kamar kowace dabba. In aka rufe wake inda iska ba ta shiga, su da kansu za su shanye 'yar wadda ke ciki, su daina ci, su daina haihuwa, su bushe su mutu. A kan wannan ne aka yi buhun nan mai ruɓi uku da a ke kira PICS, leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa ɗaya a waje. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka da takwarorinsu na Marwa, a arewacin Kamaru, su suka fara gwada dabarar wajen ƙarshen shekarun 1980, daga 2007 kuma aka shiga yaɗa ta a Nijeriya da Nijar da maƙwabtansu. Akwai mai cin kilo 50, akwai mai cin kilo 100.

Amma fa buhun ba laya ba ne, sai an bi ƙa'idarsa. Da fari a shanya wake a kan tabarma ko tamfol ya bushe ƙarau, a sheƙe, a tsince tsakuwa da karare masu tsini. In kana shakkar bushewarsa, ɗauki ƙwaya ka ciza, busasshe ya kan fashe da ƙara. Ko kuwa ka sami busasshiyar kwalba, ka zuba wake kaɗan da busasshen gishiri cokali guda, ka rufe ka girgiza, ka bar shi ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalba, da sauran danshi, a mayar rana. Wake mai danshi in an rufe shi fumfuna zai yi, ya lalace ga ci, ya lalace ga shuka.

Na biyu, kafin ka zuba, cika kowace leda da iska ka riƙe bakin ka matsa, ka ji ko tana da huda. Sa'an nan ka sa ɗaya cikin ɗaya, ka zuba waken a hankali kana jijjigawa don ya zauna, ka bar wurin ɗauri. Matse iskar da ta saura a sama, ka murɗe bakin ledar ciki, ka lanƙwasa, ka ɗaure. Ka yi wa ta biyu haka nan ita kaɗai, sa'an nan buhun waje. Wanda ya haɗa ukun ya ɗaure da igiya ɗaya don sauri, ya ɓata kuɗinsa. Na uku, a ɗora buhun a kan katako ko itace, kada ya taɓa ƙasa ko bango, a inuwa, a share kewayensa saboda ɓera. Shawarata kuma kada a kwance shi sai ya yi wata 2 aƙalla, don duk buɗewa sabuwar iska ce ka ba ƙwaro. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A nan ne uwargida za ta ce, to, ni da na ke ɗibar na alala da ƙosai kowane mako fa? Amsa ita ce a raba tun ranar farko, na ajiya daban, na ci daban. Jarkar man girki da aka wanke ta bushe sarai tana yin aikin buhun nan. A cika ta har wuya, a shimfiɗa 'yar leda a baki, a murɗa marfi tam. Jarka 3 ko 4 ƙanana sun fi babba ɗaya, ana gama wannan a buɗe waccan. Sai dai jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko kananzir ko maganin feshi, kada a kusance ta, ko an wanke sau nawa. Wanda ba shi da jarka kuma, ga tokar murhu da a ke zubarwa kullum. A bari ta huce, a tankaɗe, kwano ɗaya na toka ga kwano ɗaya na wake, a cuɗa a tukunya, a rufe saman da toka kaurin yatsa biyu. Kakanninmu sun san wannan, masana sun gwada sun ga tana aiki, domin toka tana cike tsakanin ƙwayoyi, ƙwaron da ya fito ba shi da wurin yawo balle ya yi ƙwai. Ranar dahuwa a tankaɗe a wanke, tokar kuma a kai ta juji ta koma gona.

In kuwa waken ya riga ya fara ƙwari, rana ma makami ce. Shimfiɗa ciyawa busasshiya a ƙasa, ɗora baƙar leda, baza wake sama-sama, rufe da leda mai garai-garai wadda a ke hango abu ta cikinta, ka naɗe gefuna ka danne da duwatsu. Awa 2 da tsakar rana sun isa, domin in zafi ya kai 57 a ma'aunin santigiret ya daɗe awa guda, ƙwai da tsutsa da ƙwaro duk mutuwa su ke yi. In ya huce sai a rufe shi nan da nan, kada sababbi su sauka.

Na san abin da waɗansu za su ce. Za su ce buhun da tsada, kwalbar magani kuwa da araha. Haka ne, in ranar saye kaɗai ka duba. Amma buhun da aka kula da shi ya kan yi kaka 3, sai ka raba kuɗinsa uku, sa'an nan ka tambayi kuɗin kwana ɗaya a gadon asibiti ka gwada. Za su ce akwai jabu a kasuwa. Akwai, shi ya sa za ka saya wurin dillalin da malamin gona na yankinku ya sani, ka kuma gwada ledar a gabansa. Waɗansu kuma suna zaton sabon irin nan SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar a 2019, ba ya ƙwari. Tsutsar da ke cin fure da kwanso a gona ita ya ke jurewa, ƙwaron ajiya kuwa yana cinsa kamar kowane wake.

Ku kuma 'yan kasuwa, na Dawanau da na sauran kasuwannin hatsi, masu tara buhu ɗaruruwa, ku ne maganar ta fi shafa, don abin da hannunku ya zuba gari guda ne zai ci. In ya zama dole a yi wa sito turare, a kira wanda ya iya, a yi shi bisa ƙa'ida. Amma yayyafa fiya-fiya a kan wake a juya da shebur, wannan cin amana ne, ko da ba wanda ya gani. Malaman ofis masu saye su ma suna da nasu aiki. In ka ga wake a tsakiyar damina sumul ba huda ko ɗaya, sunsuna, ka tambayi mai shi yadda ya ajiye. In masu saye suka riƙa tambaya, masu sayarwa za su gyara.

Saura abu ɗaya. Maganin feshin da ya rage daga damina, kada a bar shi ƙarƙashin gado ko kusa da kayan miya, kada kuma a juye shi a robar ruwa ko kwalbar lemo, yaro ba ya karatu kafin ya sha. A bar shi cikin kwalbarsa, a kulle a wani wuri can sama. Kwalbar da ta ƙare a huda ta don kada wani ya ɗebi ruwa ko mai da ita, kada kuma a jefa ta rafi ko kusa da rijiya. In tsautsayi ya auku, aka ga mutum yana dalalar da yawu, yana gumi da amai, numfashi yana sarƙewa, a fitar da shi iska, a cire tufafin da maganin ya taɓa, a wanke jikin da ruwa da sabulu. Kada a tsaya ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai da gangan. A garzaya asibiti da shi, a riƙe kwalbar a nuna wa likita, don ita ce za ta gaya masa allurar da zai yi.

Saboda haka, maigida, kafin a gama bugun wake na bana ka ware yini ɗaya. Ka nemo buhunan, uwargida ta wanke jarkoki ta tara toka, yara su taya tsinta. Tun ran gini ran zane. Wanda ya yi wannan zai buɗe buhunsa da bazara ya ci da iyalinsa hankali kwance, ya sayar da saura ba tare da nauyin kowa a wuyansa ba. Allah ya sa mu ci amfanin gonarmu lafiya.