SHAWARA ƊAUKAR ƊAKI: Ɗalibin Da Ke Jin Nauyin Malaminsa

A makon nan mun sami takarda daga wani saurayi wanda ya roƙe mu kada mu buga sunansa ko na garinsu, mun kuwa yarda. Ga abin da ya ce:

"Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙo a ba ni fili in kawo kukana. Na gama digirina na farko a kan ilmin ƙwayoyin cuta, yau shekara biyu ke nan ina aiki a ɗakin binciken wani shehun malami, muna bin al'amarin sauro da zazzaɓin da ya ke kawowa. Mutumin nan ya riƙe ni kamar ɗan cikinsa. Shi ya koya mini aiki, yanzu kuma yana ta fafutukar nema mini kuɗin karatu don in yi digiri na uku a hannunsa. Ni kuwa tun ina yaro likita na ke so in zama. Na nemi makarantar likita ban gaya masa ba, ga shi an ɗauke ni. Sau uku ina zuwa bakin ofishinsa ina komowa. Shin in aika masa saƙo ta waya, ko in tura wani babba, ko kuwa in yi shiru sai ranar tafiya?"

To, samari, mun ji. Cikin hanyoyi ukun nan da ka zana babu wadda mu ke so, amma ta ƙarshen ita ce mafi muni, ita za mu fara tarewa.

Ka san abin da shirunka ke ci kuwa? Malamin nan ko wace rana yana rubuta takardu, yana sa sunanka, yana shaida wa masu ba da kuɗi cewa yana da yaro amintacce wanda zai riƙe aikin shekara uku ko huɗu. Irin wannan kuɗi yana da ranar rufe nema. In ranar ta wuce da sunanka a ciki, sa'an nan ka zame, ba kai kaɗai ka fita ba, ka fitar da wani ɗalibi wanda da shi za a sa a gurbin, ka kuma bar malaminka da jin kunya gaban mutanen da ya yi wa alkawari. Watau kunyar da ka ke gudu ta rabin sa'a, ita ka ke tara masa ta shekara guda. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Ka tafi cikin makon nan.

Batun waya kuwa, a'a. Mutumin da ya tsaya a kanka shekara biyu, ya nuna maka yadda a ke rarrabe macen sauro da namiji, ya gyara maka rubutu da jan alƙalami, ba a sallamarsa da layi uku a fuskar waya. Tura babba al'adarmu ce, ba mu kushe ta ba, amma wurinta daga baya ne. In ka riga ka faɗi da bakinka, mahaifinka ko kawunka ya je ya yi godiya, wannan ya yi kyau ƙwarai. In kuwa a bakin wani ya fara ji, zai ce a ransa, ashe duk zaman nan yaron bai ɗauke ni wanda zai iya gaya wa magana ba. Tun zamanin zaure, almajiri in zai ƙara gaba neman wani fanni, da ƙafarsa ya ke zuwa ya durƙusa ya nemi izini da addu'a.

Sai dai kafin ka tafi, muna so ka zauna kai kaɗai ka yi lissafi, gama lalle zai tambaye ka. Karatun likita a Nijeriya shekara shida ne. Mai digiri irinka in an ɗauke shi a aji biyu, saura biyar, bayansu kuma akwai shekara guda ta koyon aiki a asibiti ƙarƙashin manyan likitoci kafin a ba shi cikakken izinin duba marasa lafiya. Wa zai ciyar da kai a shekarun nan? Kai ka ke so, ko kuwa mutanen gida ne suka matsa don a ce suna da likita? Mun san halin mutanenmu: wanda ya yi digiri na uku Dokta a ke ce masa, likita ma Dokta, amma in na farkon ya je ƙauye gwaggonsa ta ce ya yi mata allura ya ce bai iya ba, sai ta ce karatun banza. In wannan ne ke korarka, ka sake tunani. In kuwa ka duba zuciyarka ka ga zama gaban majinyaci ya fi maka zama gaban madubin bincike, shi ke nan, ba laifi ka yi ba.

In ka shiga, ka gaida shi, kada ka yi ta kewaye-kewaye. Ka ce, "Malam, na zo da magana mai nauyi. An ɗauke ni makarantar likita, na kuwa yi niyyar tafiya. Na yi kuskure da ban shawarce ka tun da fari ba, ka gafarce ni." Wannan kuskuren ka amsa shi, don kuskure ne. Amma kada ka mai da maganar kamar shawara ka zo nema alhali ka riga ka yanke, gama zai ɓata kwana da kwanaki yana lallashinka, ranar da ya gane kuwa ransa zai fi ɓaci. Kada kuma ka kuskura ka ce bincike ba ya kawo kuɗi, ko ba ya taimakon mutane. Rayuwarsa ke nan ka ke zagi.

Watakila ya yi fushi, watakila ya yi shiru ya ce ka tafi zai neme ka. Ka jure. Mai shuka in ya ga an cire dashensa dole ya ji zafi. Amma yawancin malaman nan sun ga irin haka ba sau ɗaya ba, waɗansunsu ma su suka yi wa nasu malaman.

Ga wani labari da zai sanyaya maka rai, kai da shi. A shekarar 1921, a birnin Toronto na ƙasar Kanada, wani shehun malami mai suna Macleod ya ba likita Banting aron ɗakin bincike, ya haɗa shi da wani ɗalibinsa, Charles Best, ɗan shekara 22, wanda bai daɗe da gama digirin farko ba. Su suka yi ta gwaji a kan karnuka har aka kai ga insulin, maganin da masu ciwon sukari ke rayuwa da shi har yau. A 1923 aka ba Banting da Macleod kyautar Nobel, Banting ya raba rabonsa da yaron. To, Best bai tsaya nan ba, ya yi karatun likita ya gama a 1925. A 1929 kuwa shi aka ɗora a kujerar da Macleod ya bari. Ko sauron nan da ku ke bi, ai likita ne, Ronald Ross, ya gano ƙwayar zazzaɓin a cikinsa a ƙasar Indiya a 1897. Ashe ƙofar asibiti ba ta rufe ta ɗakin bincike. Amma fa kada ka ɗauki labarin nan ka yi wa malam alkawarin za ka komo, in ba ka tabbata ba. Ka ce ƙofa ce ka ke roƙo a bar maka a buɗe.

Saura abin da ya fi godiyar baki, watau yadda za ka bar aikin. Littattafan da ka ke rubuta sakamakon gwaji ba naka ba ne, na ɗakin ne. Ka cika su, ka sa kwanan wata, ka rubuta abin da ke cikin ko wace kwalba da ke firiji, yadda wanda bai taɓa ganinka ba zai karanta ya gane. Ka tambayi malam wa zai gaje ka, ka zauna da shi watannin da suka rage ka koya masa hannu da hannu. In akwai rubutun da kuka fara don bugawa, ku yi magana a fili tun yanzu, wane sashe za ka ƙarasa, kuma ina sunanka zai zauna, don kada abin ya zama gunaguni bayan ka tafi.

Ranar da za ka je, kada ka tare shi a hanya ko gaban ɗalibai. Ka roƙi sa'a a ofishinsa, ka riƙo littattafan nan a hannu, da takardar da ke nuna ranar da makarantar ke so ka bayyana. In kun gama, ka rubuto mana yadda kuka yi.