Uno, Dos, Tres Ko Usa, Duha, Tulo?

Jama'a, akwai wata gardama da ba ta ƙarewa tsakanin malaman harshe, watau ko kalmar aro tana ɓata harshe, ko kuwa ƙara masa arziki ta ke yi. Ina so in ɗauko muku misali daga nesa, daga ƙasar Filifin, gama abin da ya sami ƙidayarsu ya shafi aikin da mu ke koyo a wannan koleji.

A tsakiyar tsibiran Filifin da kudancinsu akwai wani harshe da a ke kira Sebuwano, masu shi kuwa sun fi ce masa Bisaya. Ana jinsa a Sebu, da Bohol, da gabashin Negros, da yawancin Mindanawo, kuma masu yinsa sun haura miliyan 15. Yana da ƙidayarsa ta gado daga 1 zuwa 10: usa, duha, tulo, upat, lima, unom, pito, walo, siyam, napulo. A 1521, sa'ad da Magellan ya sauka Sebu, marubucin tafiyar, Antonio Pigafetta, ya rubuta waɗannan lambobi daga bakin mutanen, har yau kuwa ba su sake ainun ba. A 1565 Legazpi ya kafa mulkin Sifaniya a Sebu, mulkin nan bai kau ba sai 1898. Shekara 333 ke nan ana ciniki da kuɗin Sifaniyawa, ana biyan harajinsu, ana duba agogonsu. To, ina abin mamaki don ƙidayarsu ta zauna a bakin mutane?

Abin lura shi ne, ƙidayar biyu sun raba aiki. In mutum zai ƙirga kaya kaɗan, ta gado ya ke ɗauka, ya sa "ka" a tsakani: duha ka balay, gida biyu. In aka wuce goma, galibi sai a koma ta aro: onse, dose, trese, baynte, traynta, singkwenta. Haka kuma sha'anin kuɗi, da agogo, da shekarun haihuwa. Ƙarfe 1 ala una, ƙarfe 2 alas dos; kuɗi singko pesos, baynte pesos; mai shekara 20 kuwa baynte anyos. Amma peso guda piso a ke ce masa, kuma ɗari ta gado, usa ka gatos, tana nan daram a kasuwa.

Saboda haka a ganina mai koyon Sebuwano kada ya haddace jeri biyu kamar karatun aku. Ya koyi kowace lamba tare da wurin aikinta: ta gado da kayan ɗaki, ta aro da kasuwa da agogo. Kada kuma ya dogara ga Sifaniyancin littafi, domin kalmomin sun riga sun zama 'yan gida, sun ɗauki rubutu da lafazin masu masaukinsu. Veinte ta zama baynte, cinco ta zama singko, cuatro ta zama kwatro.

Waɗansu masu kishin harshe sukan ce wannan saura ce ta mulkin mallaka, ya kamata a share ta, a komo da kawhaan maimakon baynte, katloan maimakon traynta. Ban yarda da su ba. Mu dubi kanmu. Ashirin, talatin, arba'in, hamsin, har tamanin, duk daga Larabci muka samo su. Kakanninmu gomiya biyu da gomiya uku su ke cewa. Wa zai shiga kasuwa yau ya taya akuya da gomiya, sa'an nan ya ce wai ya fi mai ashirin iya Hausa? Dariya za a yi masa. Kalmar da uwa ta koya wa ɗanta ta daina zama baƙuwa, ko daga ina ta fito.

Duk da haka akwai inda masu kishin nan su ke da gaskiya, kuma nan ne maganar ta iso ƙofar malamin makaranta. Ƙidayar gado tana nuna wa yaro ginin lamba a fili. Napulog usa ma'anarta goma da ɗaya, daidai da goma sha ɗaya tamu, alhali kuwa onse ba ta gaya masa kome. Kalim-an, watau 50, tana ɗauke da lima a cikinta, kap-atan kuwa tana ɗauke da upat. Malamin lissafi da ya yar da wannan ya yar da tsani.

Maganar ba ta wasa ba ce. A 2013 dokar Filifin ta sa a koyar da yara da harshen gida har aji 3 na firamare, a 2024 wata doka ta janye tilascin. Amma ko da wane harshe aka buɗe littafi, yaro da lambobin gidansu ya ke shigowa aji. In malami ya ce baynten da uwarsa ta aike shi da ita kuskure ce, ya raba shi da abin da ya sani. In kuwa ya hana shi sanin kawhaan, ya raba shi da gadonsa.

Shawarata ga 'yan'uwana masu shirin riƙon alli ita ce, a fara da lambar da yaro ya ke ji a gida da kasuwa, a kafa lissafi a kanta, daga baya a nuna masa ta kakanni da yadda aka gina ta. Ranar da za ku koyar da ashirin, ku rubuta gomiya biyu a gefen allo, ku tambayi yara ko goma nawa ke ciki.