Macijin da Ba Ya Daɗewa a Kabari

Duk inda matasa suka baje katunan Yu-Gi-Oh!, wasan nan da ya samo asali daga Japan, musun ɗaya ne: wane dodo ya fi ƙarfi? Mu dai a ganinmu, wannan mudu ba ya auna kowane kati daidai.

A dubi Sinister Serpent. Ƙarfin harinsa 300 ne kacal, alhali Blue-Eyes White Dragon yana da 3000. A fagen daga, abin tausayi ne. Baiwarsa guda ce: in ya faɗa kabari, wato tulin katunan da aka zubar, yakan koma hannun mai shi da zarar wasa ya zagayo kansa.

A nan lissafi ke sauyawa. Akwai katuna masu ɓarna, irin su Tribe-Infecting Virus, da ba sa aiki sai an yar da kati guda daga hannu. A da, kowa asara yake yi wajen biyan wannan haraji, ban da mai maciji, wanda kwabonsa ke komowa aljihu kowace safiya. Har sai da kamfanin Konami ya haramta shi a gasa a 2005, bai kuma sake shi ba sai 2015, bayan an taƙaita dawowarsa.

Sai dai kada yabo ya yi yawa. In babu katin da ke neman a yar da wani, macijin nauyi ne kawai. Ya tare gurbi cikin katuna 40, kuma in aka ajiye shi don tare hari, ya cinye damar fitar da dodo guda ɗin da doka ta bayar a zagaye.