Raddi Ga Mai Cewa A Jiƙa Sabuwar Sandar Sinuka

Daga Bichi zuwa Dambatta, da wuya ka ratsa ƙauye mai ɗan girma ba ka ga teburin sinuka a ƙarƙashin rumfar kwano ko inuwar darbejiya ba. Da an kai gero rumbu, samari sun sami sarari da ɗan canji a aljihu, sai masu tebura su shiga Sabon Gari su sayo sababbin sanduna. A wannan lokacin ne wata fatawa take yawo, wadda wani dattijon mai tebur a yankinmu ya kafa, yara kuma suka haddace. Ba zan kama sunansa ba. Yayana ne, kuma ya riga ni riƙe sanda. Cewa yake sabuwar sanda ɗanya ce, ba a wasa da ita sai an hore ta: a kwanar da ita a ruwa, a gasa, a shayar da ita man gyaɗa, a kankare ta, a daka kanta da guduma. Alli kuwa, in ji shi, kowane iri ya wadatar. Yaya, a gafarce ni, zan bi maganar nan gaɓa-gaɓa.

Ka ce a jiƙa ta kamar yadda ake jiƙa ƙotar fartanya. Wannan ƙiyasi ne da aka yi tsakanin abubuwan da illarsu ba ɗaya ba ce. Manomi yana jiƙa ƙota ne don itacen ya kumbura ya kama ƙarfe, kuma in ta ɗan karkace ba ta hana shi noma. Sandar sinuka kuwa amfaninta duka a miƙewarta yake. Itacen da ake yin ta, ash ko maple, ba a ƙasarmu yake fitowa ba, kuma kafin a fere shi an busar da shi har danshin da ya rage a cikinsa bai wuce kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari ba. Masu yin ta na ƙwarai ba sa fere ta a zama ɗaya; su rage kaɗan, su ajiye ta huta, su sake ragewa, don itacen ya gama duk motsin da zai yi tun tana hannunsu. Ke nan horon da kake nema an riga an yi shi. Idan ka tsoma ta a randa, ta sha ruwa ba daidai ba, gefe ya fi gefe kumbura, sannan ka fito da ita cikin iskar hunturun Kano da take tsage leɓe, to bushewar ma ba daidai za ta yi ba. Sakamakon lanƙwasa ne, wani lokaci da tsagewa. Zoben da ke wuyanta ya saki, gam ɗin da ya riƙe fatar kai ya narke. Gashi a wuta ya fi muni: makiyayi yana gasa sandarsa ne tun tana da ruwan jikinta, don ya miƙar da ita. Wannan ba ta da ruwan da za ta ba wuta.

Ka ce a shayar da ita man gyaɗa, wasu almajiranka ma har baƙin mai na babur suke shafawa. A nan akwai ƙamshin gaskiya, domin masu sana'ar a Ingila suna shafa wa sandar ash mai. Sai dai man linsid suke shafawa, irin wanda kafintoci da masu fenti suka sani, saboda yana daskarewa a cikin itace idan ya sha iska. Man gyaɗa ba ya daskarewa. Zama yake yi yana danƙo, yana kama ƙura, daga baya ya yi wari, ya bi hannu ya ɓata ƙyallen tebur. In kuma ya taɓa fatar kai, alli ya daina kamawa, an gama da ita. Ko linsid ɗin ma ɗigo kaɗan ne a tsumma, a goge, a bari ta kwana, a sake gogewa da busasshen tsumma. Kuma sandar da ba fenti a jikinta kaɗai yake shiga. Abin lura: tsumman da ya sha linsid, in aka dunƙule shi aka jefar, yana iya yin zafi ya kama da wuta da kansa. A garin da dangar kara take jingine da rumbu, a shanya shi a fili ko a jefa shi a ruwa.

Batun kankara kuwa na sallama maka rabi. Yawancin sandunan da suke zuwa mana masu arha ne, an lulluɓe su da bani mai ƙyalli, kuma da damina, in hannu ya yi gumi, sai ta riƙa cijewa a tsakanin yatsu. Cire shi a rabin gaba ba laifi. Inda muka rabu shi ne kayan aikin: fasasshiyar kwalba da reza suna barin kwari da tudu, kuma itacen da aka ci ba ya dawowa. A sa sanfefa mafi laushi, a bi tsawonta, ana juya ta, a tsaya da zarar bani ya fita.

Yanzu ga gaɓar da ta fi kowacce nauyi, wadda kuma ka fi yi wa sakaci. Duk aikin sabuwar sanda yana kan ƴar fatar nan ta baki, wadda faɗinta bai wuce milimita 9 zuwa 10 ba a sandar sinuka. Kafin a san fatar nan, da itace tsura ake dukan ƙwallo, dole a tsakiya, in ka kauce ta zame. Wani hafsan Faransa, François Mingaud, shi ake danganta wa manna fata a bakin sanda a farkon ƙarni na 19, kuma daga nan aka fara sa farar ƙwallo ta dawo baya ko ta juya gefe. Ka ce a daka fatar da guduma ta yi tauri. Guduma tana baje fatar ta fi zoben faɗi, ta kashe laushin da yake riƙe ƙwallo, ta girgiza zoben kansa. Fata da kanta take zama bayan wasanni kaɗan.

Ga abin da take buƙata. Tana zuwa a shafe, samanta da santsi. Ka kafa gindin sandar a ƙasa, ka naɗe guntun sanfefa a tafin hannu, ka riƙa shafawa daga tsakiyar fatar zuwa gefe, koyaushe ƙasa-ƙasa, kana juya sandar da ɗaya hannun, har kan ya yi ɗan tudu. Kada ka ja sama, ɗaye ta za ka yi. In ta yi leɓe ta zarce zobe, ka kifa ta a kan katako ka yanke da reza. Sannan ka ɗan lashi yatsa ka shafa gefen fatar, ban da samanta, ka murza da bayan takarda har ya yi duhu da sheƙi. Wannan shi yake hana ta bajewa. Aikin minti goma ne. Wanda kuma ya ɓamɓare fata ya manna robar silifa ko taya, ya sani roba tana tsalle, ba ta riƙe alli. Mu da muke da dukawa da majema a Kano, waɗanda fatarsu ta kai Turai tun zamanin ayari, neman guntun kirgi mai kauri bai kamata ya gagare mu ba. Masu sayen fatar waje kuma su duba: mai hawa-hawa, irin su Kamui da Moori, da fatar alade ake yin ta.

Ka ce alli alli ne, na makaranta ko farar ƙasa, har yara suna goga bakin sanda a jikin katanga. Allin makaranta laushi ne da shi, fenti kawai yake yi wa fata. Shuɗin allin nan na Triangle ko Master ba alli ba ne a haƙiƙa: garin yashi ne da wani ma'adini mai kaifi aka curo, bisa haɗin da William Spinks da William Hoskins suka yi wa rajista a Amurka a 1897. Kaifin ne yake cizon ƙwallo. Shafa shi ake yi a hankali, ba murzawa har a haƙa rami ba.

Hujjarka ta ƙarshe ita ce sandarka ta shekara da shekaru, kuma haka ka yi mata. Sanda ɗaya da ta tsira ba ta zama dalili. A ƙirga mana karkatattun da suke jingine a bayan rumfa. Daɗewa da sanda ba a kwanon mai ake samunta ba. Stephen Hendry ya ci kofin duniya na sinuka sau bakwai tsakanin 1990 da 1999 da sanda ɗaya da aka saya fam 40, kuma ba ta karye ba sai a 2003, a cikin kayan jirgi.

Abin da fatawarka ta manta shi ne dubawa tun a shago da kuma ajiya. Mirgina sanda a teburanmu ba gwaji ba ne, domin yawancinsu katako kafinta ya shimfiɗa, ba dutse ba, su ma a karkace suke. A ɗaga ta a ido, a kalli tsawonta daga gindi zuwa baki ana juyawa. A buga gindinta da tafi, in an ji kwaram-kwaram, wani abu ya saki a ciki, a karɓi wata. Idan an tashi wasa, kada a jingina ta a kusurwa ko a bar ta kusa da kwanon rufi da rana; a rataye ta a tsaye ko a kwantar da ita a kan abu mai shimfiɗa a cikin ɗaki, nesa da randa.