Gayyar Ceto Kogin Jakara

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ratsa birnin Kano daga wajen Kasuwar Kurmi ya nufi Fagge, ko da bai san sunan Jakara ba, hancinsa zai sanar da shi cewa ya iso gare ta. Yara da yawa da suka taso a 'yan shekarun nan ba su ɗauke ta a matsayin kogi ba. A wurinsu wata ƙatuwar kwata ce da ake aiken su zubar da shara a cikinta bayan magariba. Amma kuma wannan ruwa shi ne wanda birnin ya ginu a gefensa, kuma har gobe da shi ake ban-ruwan wani ɓangare na ganyen da ake ci a gidajenmu. Manufar wannan rubutu ita ce a dubi ƙoƙarin da jama'ar unguwanni suke yi wajen gyara magudanan da ke kwarara cikin Jakara, a yaba abin yabo, a nuna inda aka gaza. Ra'ayina shi ne, aikin gayyar da ake yi ba zai haifar da ɗa mai ido ba har sai an tsara shi bisa hanyar da ruwa yake bi, maimakon iyakar unguwa ko ta ƙaramar hukuma.

Jakara Jiya da Yau

Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya ambaci wani kurmi mai baƙin ruwa da ake kira Jakara, wanda mazauna gindin Dala na zamanin Barbushe suke girmamawa ƙwarai. A gefen wannan wuri ne Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya kafa Kasuwar Kurmi, kuma sunan kasuwar kansa shaida ne na abin da ke wurin kafin a kafa rumfuna. Baturen nan Clapperton da ya zo Kano a 1824, da Barth da ya biyo baya a 1851, duk sun bayyana wani babban fadamin ruwa da ya kusan raba birnin gida biyu. Ya kamata a faɗi gaskiya, tun a wancan lokaci baƙin sun koka da ƙazantar wurin. Saboda haka ba za a ce Jakara ta taɓa zama ruwan sha garai-garai a tsakiyar birni ba.

Abin da ya canza shi ne yawan jama'a da kuma irin dattin. Ƙidayar 2006 ta nuna cewa ƙananan hukumomi 8 na cikin birni da kewaye suna ɗauke da mutane kusan miliyan 3, kuma tun daga lokacin ƙaruwa ake yi. Sharar da ta ganye ce da toka da kashin dabbobi, waɗanda ke ruɓewa su koma taki, har manoman karkara suna zuwa da jakuna su saya. Sharar yau kuwa leda ce da roba da baƙin mai da batir, waɗanda ƙasa ba ta iya cinye su. Bayan kogin ya fita daga ganuwa ya ratsa Fagge da gefen Sabon Gari, sai ya haɗu da rafin Getsi, wanda ke kwaso ruwan masana'antun Bompai, ciki har da na majemun zamani masu amfani da sinadarin kuromiyam. Daga nan duk su zarce zuwa madatsar ruwa ta Wasai a yankin Minjibir, wadda aka gina a shekarun 1970. A tsakanin nan akwai ɗaruruwan 'yan lambu da ke noman latas da kabeji da karas da alayyafo da wannan ruwa, akwai kuma masunta a madatsar. Ke nan, abin da aka zuba a kwata a cikin birni, bayan 'yan watanni yana iya dawowa cikin kwanon miya.

Me Ake Nufi da Gangaren Kogi?

Kafin a ci gaba, wajibi ne ɗalibi ya fahimci wannan kalma. Gangaren kogi shi ne dukkan faɗin ƙasar da ruwan saman da ya sauka a kanta yake gangarawa zuwa kogi guda. Indararon gida yana zuba a tsakar gida, rariya ta fitar da ruwan zuwa kwatar lungu, kwatar lungu ta miƙa wa babban lambatu, shi kuma ya juye a kogi. Bisa wannan ma'ana, mutumin da gidansa yake nesa da Jakara da tafiyar rabin sa'a, wanda bai taɓa leƙa ta ba, yana da hannu a halin da take ciki, muddin rariyar gidansa can ta nufa.

A tsarin birnin na da, kududdufai suna cikin wannan gangare. An haƙa su ne wajen ɗibar ƙasar gini, amma da damina su ne ke tare ruwan unguwa su riƙe shi, ya riƙa tsuma cikin ƙasa sannu a hankali har rijiyoyi su amfana. Da filin gini ya yi tsada, sai aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana cikewa da shara ana yanka filaye. Ruwan da ya rasa masauki dole ya nemi hanya, kuma hanyar tasa ita ce cikin ɗakunan mutane. Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Yawancin ambaliyar da ake gani a lungunan birni duk shekara tana da nasaba da cike kududdufai da toshe magudanai.

Ƙoƙarin Jama'ar Unguwanni

Ba a taru aka zama ɗaya ba. A kusan kowace unguwa ta Kano akwai ƙungiyoyin taimakon kai da kai, waɗanda matasa suka kafa ba da umarnin kowa ba. Idan bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa, za a gan su ranar Asabar ko Lahadi da shebur da manjagara da baro, sun naɗe ƙafar wando sun shiga kwata suna yashewa. Mai unguwa yakan yi shela, liman ya yi tuni a masallaci, attajirin unguwa ya ba da kuɗin hayar baro, mata su aiko da kunu ko ƙosai. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Gayyar da ake yi a gona ko wajen ɗaukar jinka ce ta shigo birni ta sami sabon aiki. Haka kuma akwai tsaftar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, wadda ta samo asali tun zamanin Yaƙi da Rashin Ɗa'a a tsakiyar shekarun 1980. Su ma 'yan jari-bola, duk da kallon rainin da ake yi musu, suna raba kogin da tarin roba da ƙarfe a kowace rana.

Waɗannan mutane sun cancanci yabo, domin aiki ne mai haɗari. Akwai fasassun kwalabe da allurai da reza a cikin taɓon, kuma akasarinsu ba su da takalmin ruwa balle safar hannu. Ba a biyan su ko sisin kwabo. Amfanin aikinsu a bayyane yake: inda aka yashe kwata ruwa ba ya kwanciya, sauro yana raguwa, katangun ƙasa ba sa jiƙewa su zube.

Inda Gizo Ke Saƙar

Duk da haka, akwai matsaloli guda uku da ke mayar da hannun agogo baya. Ta farko na gan ta da idona a wata unguwa da na taɓa zama. Matasa sun wuni suna yashe kwata, suka jibge dattin a bakin hanya da alƙawarin motar shara za ta zo ta kwashe. Aka yi kwana goma mota ba ta zo ba. Ruwan farko da aka yi da dare ya mayar da komai inda aka ciro shi. Da shekara ta zagayo aka sake kiran gayya, ko rabinsu ba su fito ba, kuma babu mai ganin laifinsu.

Ta biyu ita ce babbar. Kowace ƙungiya iyakarta unguwarta. 'Yan unguwar tudu sukan buɗe magudanarsu, ruwa ya kwashi dattinsu ya sauke wa unguwar kwari, su kuwa su ɗauka sun gama aiki. 'Yan kwari kuma komai ƙoƙarinsu, idan na sama ba su daina zuba ba, wanka suke yi da ruwan taɓo. Jakara ta ratsa ƙananan hukumomi da dama da unguwanni masu yawa, kowa da shugabansa, alhali shi ruwa bai san dagaci ba, bai san kansila ba, gangare kawai ya sani.

Ta uku kuwa ta fi ƙarfin shebur. Matashin unguwa zai iya tsamo leda, amma ba zai iya tsamo sinadarin da ya narke a ruwa ba, haka nan ba shi da ikon hana masana'anta ko mahauta sakin ruwanta ba tare da tacewa ba. Wannan nauyi ne na hukuma, kuma dokokinsa suna nan a rubuce. Aiwatarwa ce ta yi ƙaranci.

Shin Rufe Kogin Shi Ne Mafita?

Wasu suna ganin duk wannan wahala ce kawai, a zuba kankare a rufe kogin kowa ya huta. A wa'adin mulkin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu (2011–2015) an fara aikin gina wa Jakara magudanar kankare tare da shimfiɗa titi a kanta zuwa Kwarin Gogau, wato titin da ake kira Wuju-Wuju, aikin da ya tsaya na tsawon shekaru kafin a sake waiwayarsa. Masu goyon bayan wannan tsari suna da hujja mai ƙarfi: yana rage wari, yana kare yara daga faɗawa ruwa, yana sauƙaƙa cunkoso. Ban musanta ko ɗaya ba. Abin da nake jan hankali a kai shi ne, murfi yana ɓoye datti ne daga ido, amma ruwan da ya shiga ta sama shi ne zai fita ta ƙasa ya iske ɗan lambu da masunci. Kuma magudanar da aka rufe, idan leda ta toshe ta, yashe ta ya fi wuya.

Akwai darasi daga wani birni da ya riga mu bin wannan hanya. A Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, an rufe rafin Cheonggyecheon da kankare aka ɗora masa gadar sama, amma a 2003 hukumar birnin ta rushe gadar ta buɗe rafin, aka kammala a 2005, ya zama wurin shan iska. Ba ina cewa a kwaikwayi Seoul ido rufe ba, domin aljihunmu da nasu ba ɗaya ba ne. Darasin shi ne, kankare yana iya zama ɓangare na gyara, amma shi kaɗai ba ya warkar da kogi.

Abin da Ya Kamata a Yi

Da farko, ƙungiyoyin da ke kan magudana guda su haɗu su yi majalisa ɗaya, tun daga mafari har zuwa mahaɗa, su sa 'yan lambu da masuntan Wasai a ciki, domin su ne ke girbar abin da aka shuka a sama. Masarauta tana da tsarin da ya dace da wannan, daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi. Na biyu, a tsayar da ranar gayya tare da hukumar kwashe shara, ta yadda mota za ta tsaya a wurin ranar da ake aikin. Na uku, kowace unguwa ta sami matattarar shara da ake kwashewa a kan kari, domin matar da ba ta da inda za ta zubar, wa'azi ba zai hana ta aiken yaro kwata ba. Na huɗu, kududdufan da suka rage a ƙidaya su, a killace, a hana yanka su. Na biyar, majalisar ta riƙa kai ƙorafi a rubuce game da duk mai sakin gurɓataccen ruwa, domin muryar unguwa talatin ta fi ta unguwa ɗaya nauyi.

A nan ne malamin makaranta yake da gurbi. Yaron da ake aike da shara da daddare shi ne ke zaune gabansa da safe. Malami zai iya fita da ɗalibansa bayan an ɗauke ruwa, su bi rariyar makaranta da ƙafa su ga inda ta nufa, su zana taswirarta, su tambayi dattawan unguwa sunayen kududdufan da suka ɓace da abin da aka gina a kansu, sannan su rubuta insha'i. Wannan darasi ba ya bukatar kuɗi, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kammalawa

An ga yadda Jakara ta taso daga kurmin da ake girmamawa ta koma matattarar dattin birni, an kuma ga cewa jama'a ba su naɗe hannu ba. Abin da ya rage shi ne a ɗinke ƙoƙarin unguwanni ya zama ɗaya, hukuma kuma ta ɗauki nata kason, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da aka faɗa game da Jakara ya shafi Kubanni a Zariya da kowane rafi da ya ratsa gari. Saboda haka, duk garin da aka tura malami aiki, ya kyautu ya fara tambayar kansa inda ruwan rariyar makarantarsa yake zuwa, da kuma wanda ke amfani da shi a can ƙasa.